Zanar Malam Lauwali

Wani dare cikin bazara, lokacin da zafi ya kori mutanen Tambuwal daga ɗaka suka baje tabarmi a tsakar gida, aka fara jin wata ƙara a unguwa wadda ba wanda ya san irinta. Ba daka ba ce, don taɓarya tana da amo, wannan kuwa ba ta da shi. Tim! Sai shiru. Tim! Sai wani nishi ya biyo baya kamar na bijimin da aka kayar. Kaji suka farka a akurki suna gunaguni. Wata tsohuwa ta ce mutanen ɓoye ne ke sussukar gero, kowa ya ja bakinsa ya yi addu'a. Amma Na'iya mai facin taya bai iya barin abu ya wuce shi. Ya ɗauki tocila, ya kife turmi jikin katanga, ya hau ya leƙa gidan maƙwabcinsa.

Abin da ya gani ya fi aljanu ban mamaki. Malam Lauwali ne, dattijo mai furfura da tumbi, wanda ko sauri ba a taɓa ganin ya yi ba, tsaye bayan rumbu daga shi sai singileti da wando, yana tsalle yana ware ƙafafu yana tafa hannu bisa kai. In ya dira, ƙasa ta amsa.

"Subhanallahi! Malam, lafiya? In kira mai ruƙiyya?"

"Kashe fitilag ga, Na'iya," in ji Malam Lauwali yana haki. "Aikin ofis nika yi."

"Aikin ofis? Cikin dare, bayan rumbu?"

"Nic ce ka kashe. In kuma naj ji zancen ga bakin masallaci, ni da kai na."

Na'iya ya sauka daga turmi yana salati. Ga kuwa yadda aka yi har aka kai ga haka.

Malam Lauwali ya tsufa a wani ofishin ayyukan gona da ke bakin titi, yana tsaron ɗakin fayil. Kujerarsa ta san shi ya san ta. Ta lotsa daidai jikinsa, har in wani ya zauna a kai sai ta karkace ta nemi zubar da shi. Sauran ma'aikata ma duk kanwar ja ce: a zo bisa babur, a zauna, a aika a sayo ƙosai, a yi gardamar siyasa, a yi azahar, a watse. Duk harabar nan ba mai motsa jiki sai wani jan gwada, ƙadangaren nan mai jan kai, da ke hawa tulin bulo kowace hantsi, yana dannawa yana ɗagowa kamar wanda aka sa horo.

Ana nan sai wata rana akawun ofishin ya kife bisa teburinsa da biro a hannu. Aka kai shi asibiti, aka ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa ya shanye. Abin ya girgiza sabon shugaban wurin, wani matashi mai suna Ziyad, mai tabarau da takalmi mai tsini, wanda aka turo daga birni. Ya tara ma'aikata ya ce zama ne ke kashe su. Ya ce daga yanzu, Talata da Alhamis da safe, kowa zai fito fili a motsa jiki kafin a buɗe ofis. Ya raba musu riga da wando irin na 'yan ƙwallo, ruwan ɗorawa, masu santsi kamar fatar tarwaɗa.

A faɗi gaskiya, maganarsa ba ƙarya ba ce. Amma mutumin da zai zo gari ya riƙe jama'a bai tambayi wa ke auren ɗiyar wa ba, wannan ko ya sha karatu har ya ƙoshi, da sauransa. Da aka tashi neman mai horar da su, sai Ziyad ya ɗauko Sirajo, wani saurayi da ya karanta harkar wasanni a kwaleji yana zaune ba aiki. Ya rataya masa usur a wuya, ya ce gwaji ne: in manya suka zo daga Sakkwato suka tarar kowa na fitowa, aiki ya zama nasa, in ba haka ba, a nemo wani.

Sirajo kuwa surukin Malam Lauwali ne. Shi ke auren Zulfa, ɗiyarsa ta fari.

Tun da aka ɗaura auren nan Sirajo bai taɓa kallon tsakiyar idon Malam Lauwali ba. Ɗan gidan Alhaji Jumare ne, masu noma da shanu a wani ƙauye can bayan Kebbe, gidan da kunya ta yi musu yawa har ana ba da labarinsu. In ya hango surukinsa a hanya, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. In a kasuwa ne, sai ya sake layi. Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba. Shi ma Malam Lauwali sunan Zulfa bai taɓa fita bakinsa ba, kamar yadda aka san uba da ɗan fari. In ya matsu sai ya ce "yarinyag ga". Wanda bai sani ba sai ya ce bai damu da ita ba.

Matarsa Fatsuma kaɗai ta san yadda ya yi bara. Cikin damina naƙuda ta kama Zulfa a ƙauye tun lokaci bai yi ba, tun ba a kawo ta gida goyon ciki ba. Aka ɗora ta bisa babur cikin laka, wata mata na tallabe da ita ta baya. Kafin su fito titi ɗan ya koma, ita ma da ƙyar aka ceto ta. Malam Lauwali bai yi kuka gaban kowa ba, amma ya yi kwana da kwanaki tuwo ba ya wuce masa. Bayan haka ne Sirajo ya kama ɗaki a Tambuwal kusa da asibiti, da sunan neman aiki. Mahaifinsa ya yarda bisa sharaɗi guda: in aiki bai samu ba, ya tattara matarsa ya komo ga shanu. Yanzu ga Zulfa da wani cikin, haihuwa kuma cikin damina za ta faɗo.

Talatar farko Malam Lauwali ya shige ɗakin fayil ya turo ƙofa. Yana jin usur a waje, fir, fir, ransa na tafasa. Shi da aka zo gabansa aka durƙusa neman aure, shi ne zai sa wandon da ke tona ƙwauri, ya tsaya gaban yaron nan, a ce masa duƙa ya duƙa, a ce masa tashi ya tashi? Dattawan ofis da suka ga bai fita ba, su ma suka noƙe, suka ce ai ba a wuce babba. Fili ya zama daga 'yan samari sai jan gwada.

Mansur direba, taubashin Malam Lauwali, wanda wasan dangi ya ba shi damar faɗa masa kome, ya leƙo ta taga.

"Tsoho, fito mana, surukinka na busa maka usur! Ko tumbin na yah hana ka wuce ƙofa?"

"Tafi can, bawan gidanmu. Ran da kag ga na yi tsalle gaban yaron ga, ka tabbata an tashi ƙiyama."

"To ni dai ina jiran ƙiyama, in ga yadda tulu ka rawa."

Aka yi makonni a haka. Ran nan Ziyad ya tsaya a baranda ya faɗa da ƙarfi, don kowa ya ji, cewa in dattawa ba su fito ba to mai horarwa ne ya gaza, kuma ya san wani tsohon soja a Sakkwato da ba a yi masa gardama.

Da magariba Fatsuma ta ajiye wa mijinta tuwo, ba ta koma ciki ba kamar yadda ta saba. Ta zauna gefen tabarma.

"Malam, an ce za a karɓe usur ga hannun yaron ga."

"An ce."

"In anka karɓe, gida za su koma."

Malam Lauwali ya gutsuri tuwo bai kai baki ba.

"Ni ban san boko ba," in ji Fatsuma, "amma na san laka. Kai girmanka kaka tsaro. To tsare shi da kyau. Ran da anka kawo muna labari daga Kebbe, sai ka shimfiɗa shi mu zauna bisa mu karɓi gaisuwa."

Ta tashi ta bar shi. Ya ture akushi. A daren ne Na'iya ya hau turmi. Malam Lauwali ya riga ya yanke zai fita, amma ya rantse ba zai faɗi ƙasa gaban surukinsa ba, shi ya sa yake gwada abin da ya riƙa hange ta taga, inda ba mai ganinsa sai rumbu.

Da ya gaya wa Mansur, sai ga shi bakin nan mai tsiya ya kawo dabara. Ya shiga kasuwa ya sayo zana sabuwa ta gamba, mai ƙamshin daji, ya kafa ta a kusurwar fili gindin darbejiya. Malam Lauwali kan fito ta ƙofar baya da babbar riga bisa kayan ruwan ɗorawa, ya shige bayan zana, ya cire rigar ya rataye a kanta. Da an ga riga bisa zana an san Malam ya iso. Sirajo kuwa sai ya juya wa kusurwar baya, ya fuskanci sauran, ya riƙa ba da umarni kamar da iska yake: "A ɗaga hannu. A sauke. A numfasa."

Masu wucewa a titi sukan tsaya su yi kallo. Ba abin da suke gani sai tafin hannu biyu da ke ɓullowa bisa zana su nutse, wani lokaci da ƙoƙon hula. In dirar ta yi nauyi, Sirajo ya matsa kusa da Mansur ya yi ƙasa da murya.

"Baba Mansur, a ce can wajen a riƙa sassautawa, kar gwiwa ta ji ciwo."

Mansur ya cika baki: "Na bayan zana! An ce ka rage dira, bulo na zubowa!"

Daga bayan zana a ji murya cikin haki: "A ce ma mai saƙo an ji, an gode. Kai kuma ɗan aike, Allah shi haɗa mu bakin ƙofa."

Dattawa da suka ga haka duk suka fito, kowa yana jan wandonsa ƙasa. Fili ya cika. Abin da ya fi ɓata wa Malam Lauwali rai shi ne abin ya karɓe shi. Gwiwar da kan yi ƙara in zai yi sujada ta yi shiru. Barci ya dawo masa. Ya je aka auna shi aka ce jininsa ya sauka. Ya so a ce shirme ne don ya ji daɗin zaginsa, ga shi ba shirme ba ne. Sai ya riƙa tsallensa yana tsaki.

Ranar da manya za su zo, ya fito ta ƙofar baya kamar kullum, ya taka zuwa gindin darbejiya, sai ya tsaya cik. Babu zana. Ramukan dirkokinta kawai suka rage, an ma share wurin an yayyafa ruwa. Can gefe an kafa rumfa an jera kujerun roba, baƙi sun zauna maza da mata, kowa da ruwan gora a gabansa.

Ziyad ya taho da fara'a yana murza hannu. "Yauwa Baba, kai muke jira! Na sa an cire wannan abin, ka san baƙi za su ɗauka ƙauyanci ne. Yau a gaba za ka tsaya. Kai ne babban abin misalinmu."

"Ranka shi daɗe, zanag ga ba don ƙawa anka kafa ta ba. Yaron ga surukina na."

"Haba Baba, ai na ji. Amma nan wurin aiki ne, ba gida ba. A nan shi koci ne, kai ma'aikaci. Yanzu za a gama."

Wurin aiki ne, ba gida ba! Sai ka ce surukuta takalmi ce da mutum zai tuɓe ya bari a bakin ƙofa. Maganganu suka taso wa Malam Lauwali har maƙogwaro, masu zafi, irin waɗanda in suka fita ba a mai da su. Ya dubi ƙofar fita. Ya dubi gabas, inda kwanan nan gajimare ya fara taruwa da la'asar yana watsewa. Sai ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa Mansur. Mansur ya karɓa da hannu biyu.

Ya ratsa jama'a ya tsaya a sahun gaba, ƙwauri a waje, tumbi ya cika riga mai santsi, gaba da gaba da mijin ɗiyarsa. Sirajo ya kafa ido a ƙasa. Ya kai usur baki, abin ya fito kamar kukan ɗan tsako. Aka fara. Malam Lauwali ya ɗaga hannu, ya sauke, ya yi tsalle, ya ware, ya haɗe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Baƙi suka yi ta tafi. Wata mai jan gyale ta ce, "Ma sha Allah, Baba ya fi samarin!"

Sai aka zo wurin duƙawa a taɓa yatsun ƙafa. Nan tumbi ya ce bai san zance ba. Malam Lauwali ya duƙa iyakar duƙawarsa, hannu na lilo a iska.

"Koci, taimaka masa mana," in ji Ziyad. "Danna masa baya kaɗan, a ɗauki hoto."

Sirajo bai motsa ba.

"Sirajo! Da kai nake."

Babban baƙon ya dubi agogonsa, ya dubi Ziyad. Malam Lauwali yana duƙe, jini ya taru masa a ka, ba abin da yake gani sai ƙafafun surukinsa. A nan ya lura yaron ya zare takalmansa tun ɗazu, ya ture su gefe, yana tsaye bisa tsakuwa da safa kawai.

Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda su biyu kaɗai za su ji, kuma ban da amsa gaisuwa wannan ce maganar farko da ya taɓa yi masa kai tsaye.

"Yi abin da anka ce maka."

Hannu ya sauko bisa bayansa, sanyi ƙalau, ba nauyi. Wayoyi suka tashi sama ta ko'ina.

Kafin baƙi su shiga mota aka tabbatar wa Sirajo da aiki. Malam Lauwali ya koma gida ya kwanta ya juya fuska ga bango. Da Fatsuma ta shigo ya ce, "An ba shi." Ta fara hamdala. Ya ce, "Kar ki sake yi mani zancen."

Amma gari ya yi masa. Kafin mako ya zagayo hoton mai motsi ya shiga kowace waya, wani ɗan banza ma ya sa masa kiɗan kalangu a ƙasa, yadda kowace dira ke faɗawa daidai da bugu. In Malam Lauwali ya ratsa ta wurin mai shayi sai a kife waya a hau gaishe shi da ladabin da ya wuce kima. Ya shanye. Yana ganin abin da za a biya ya riga ya biya, yarinya kuma tana nan kusa da asibiti.

Ashe da saura. Wani ɗan kabu-kabu, mai hayar babur, ya kai hoton har kasuwar Kebbe, ya iske Alhaji Jumare a kara cikin masu shanu, ya miƙa masa waya da murna. "Alhaji, ga ɗanka ya zama babban mutum, har tsofaffi shika juyawa!"

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, babura suka tsaya ƙofar gidan Malam Lauwali. Alhaji Jumare ne da ƙannensa, rawani duk jar ƙasa, da rago ɗaure a bayan babur guda. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, Alhaji Jumare ya ƙi hawa, ya zauna a ƙasa tsura. Sirajo yana waje jikin katanga, durƙushe cikin rana.

"Malam, mun zo da baƙar fuska," in ji Alhaji Jumare. "Tun kakanninmu ba a taɓa jin ɗan gidanmu ya ɗora hannu bisa bayan surukinai ba, balle gaban jama'a, balle da kiɗi. Nag gani da idona, na so ƙasa ta tsage in shige. Ka yafe muna."

"Alhaji, tashi ka hau tabarma. Yaro ba shi da laifi. Ni nic ce shi yi."

Alhaji Jumare ya juya ga ƙannensa, idonsa ya kawo ruwa. "Kun ji dattako? An zubar mai da girma, shi kuma shina rufa muna asiri."

"Ba rufin asiri ba na. Abin ga na da amfani, har jinina ya sauka. Kuma an tabbatar mai da aikin, sai mu yi..."

"Ya aje shi."

"Na'am?"

"Da safen ga nik kai shi da kaina yam maida usur ɗin. Nic ce mai ko aikin ga ko albarkata. Abincin da za a ci da mutuncinka, Malam, haramun na ga gidana. Jibi mota za ta zo ta kwashe su."

Malam Lauwali ya dafa ƙasa.

"Damina ta kawo kai, Alhaji. Hanyarku kuwa ka san ta."

"Hanya ta Allah ta. Can anka haife mu dut, ga mu har mun yi furfura."

"To a bar... a bar yarinyag ga wajen uwatta, har a ga abin da Allah za shi yi."

Ƙannen suka dubi juna. Alhaji Jumare ya gyara zama.

"Malam, in ta zauna, mi duniya za ta ce? Za a ce ka karɓe ɗiyarka don fushi, aure ya mutu. Ko ka yi fushin na? In ka yi, faɗa mani, ba mu da bakin magana."

"Ban yi ba."

"To alhamdu lillahi. Goyon ciki na fari na, ya wuce. Mu ɓata maka, sa'annan mu bar maka nauyi? Allah shi tsare mu da wanga rashin kunya."

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya faɗa a fili: ɗiyata ta kusa mutuwa a hanyarku, tsoro nake ji, don ita na yi tsallen nan. Kalmomin suna nan a bakinsa, yana jin ɗacinsu. Amma faɗinsu na nufin ya ambaci cikin ɗiyarsa ta fari gaban surukai, ya nuna musu son da uba ba ya nunawa, ya kuma ɗora musu gawar bara a ka, su da suka zo da rago suna zaune a ƙasa. Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Allah shi sa haka shi ne mafi alheri," in ji shi.

Suka ce amin gaba ɗaya, suka shafa, suka tashi da fuska a sake, suka bar rago ɗaure a turke yana kuka. Da yamma Fatsuma ta tura tsofaffin mata su bi su Alhaji Jumare masaukinsu su roƙa. Aka karɓe su da fura da girmamawa, aka sallamo su da amsar nan dai.

Washegari Malam Lauwali ya tafi ofis. Tun daga titi ya hango wani ƙaton ƙyalle an ɗaure a bakin ƙofa, da hotonsa a jiki, yana duƙe, hannun Sirajo bisa bayansa, an yi rubutu a ƙasa da manyan baƙaƙe. Bai tsaya karantawa ba. Ya wuce kai tsaye ofishin Ziyad, ya shiga ko sallama bai cika ba.

"Yauwa Baba, ka ga abin da yaron nan ya yi mana?" in ji Ziyad. "Bayan duk wahalar da na sha a kansa, ya zo ya ajiye usur ko bayani babu, wani tsoho na tsaye a kansa. Amma kar ka damu, sojan nan zai fara mako mai zuwa. Shirin ba zai tsaya ba."

"Zana guda, ranka shi daɗe," in ji Malam Lauwali. "Ta gamba. Ba ta ci maka tuwo ba, ba ta tare maka hanya ba. Bayanta nika tsallena, jinina na sauka, yaro na neman abincinai, kowa da mutuncinai. Ka tambayi wani kafin ka tuge ta? Ka tambayi don mi tsoho kamata za shi yarda shi yi rawa da safe? Mi tay yi maka?"

Ziyad ya cire tabarau, ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Baba, ni fa lafiyarku nake nema."

"Ka samu tawa. Ga ta can kun rataye bakin ƙofa."

Ya fita. Bai shiga ɗakin fayil ba ran nan.

Motar ta zo da la'asar ranar da aka ce, a-kori-kura ce, an ɗaure gado da katifa da kwanuka a baya. Ta tsaya ƙofar gidan don a yi sallama. Zulfa ta shigo zaure tana takawa a hankali, ta dafa bango ta durƙusa da ƙyar. Malam Lauwali yana zaune, ya kafa ido ga wata tsaga a jikin bango.

"Baba, za mu tafi."

"To. A yi haƙuri da mutane. A riƙe salla."

Ba ta tashi ba. Ta jira, kanta a ƙasa.

"In an ji wani abu," in ji shi, har yanzu ga bango yake magana, "kar a jira safe."

"To, Baba."

Ta miƙe ta fita. Sai da ya ji an rufe ƙofar mota sannan ya fito. Sirajo yana can nesa, takalmi a hannu, ya durƙusa ya yi gaisuwar da ba a ji ba, ya haye baya cikin kaya. Fatsuma na bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Maƙwabta sun fito sun tsaya. Mota ta ja, tana tangaɗi da lodi, ta karya kwana ta ɓace. Daga gabas wata iska ta taso mai sanyi, tana ɗauke da ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa a wani wuri.

Na'iya yana tsaye da tayar babur a hannu. Ya dubi sama, ya dubi inda motar ta bi, ya sosa ƙeya.

"Wai ni kam, kwalbatin ga na bayan Kebbe da ruwa yac cinye bara, an gyara shi kuwa?"

Fatsuma ta juya ta shige gida. Malam Lauwali ya ci gaba da kallon hanya.